Turaku Huɗu a Masussukar Gwaggo

Mun tashi tun da asuba, ana idar da salla a unguwarmu ta Soron Ɗinki, gari bai gama wayewa ba. Ku da kuka dame ni da tambayar yadda tafiyar nan ta kasance, to ga labarin. Amma kada wanda ya shirya yi mini barka. Kwana biyar ke nan da dawowata ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, don abin da zan faɗa ba shi da daɗin faɗa.

Mu uku muka yi tafiyar. Akwai Baturen da nake yi wa tafinta da rubutu, injiniyan wani kamfani ne da ke son kawo injin da iska ke juyawa ya ba da wutar lantarki, a tara ta a batir, a kunna fitila ba mai ba lagwani. Akwai wani dattijo mai jakuna huɗu da aka ɗauka don kaya, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo. Sai ni, da sabuwar hula da agogon aro da wasu takalma da suka fara cizona tun ban bar ƙofar gida ba. Aikinmu shi ne mu nemo wurin da iska take da kyau, mu auna ta, sannan Bature ya san irin injin da zai sa a aiko masa. Shi a Ƙofar Dawanau zai jira mu, saboda haka ni da mai jakuna muka ratsa gari, muka bar gidaje a baya, muka shiga gonakin da ke cikin ganuwa.

Dab da ƙofar akwai wani wuri da dole in bayyana muku shi. Tudu ne daɓaɓɓe, ba itace ba gini, yana fuskantar wani giɓi da ruwan damina ya yi wa ganuwa tun ban san kaina ba. Nan ce masussukar Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ba ta da gona. Ita da wasu matan yankin, sana'arsu ke nan: a kawo musu gero su sussuke, su shiƙe, a ba su ɗan rabonsu na hatsi, shi za su ci har wata kaka. Shiƙa kuwa ba ta yiwuwa sai da iska, don ita ke kwashe ƙaiƙayi ta bar tsaba ta zubo ƙasa. Kun kuma san kaka lokaci ne da iska take rowa. A duk wannan gefen gari, wurin nan kaɗai take zuwa ba fashi.

Mun tarar da Gwaggo tana shara. Ta ɗago ta dube ni tun daga hula har takalmi.

Ta ce, "A'a, Malam ne da kansa! An ce mini wai iska za ku je nema. To, Allah ya sa ku tarar da ita a gida."

Ta ƙulle mini dakuwa a ganye, ta ba mai jakuna tasa. Na karɓa ina waige-waige, don na hango Bature a kan dokinsa bakin ƙofa, ba na so ya ga na tsaya hira.

Hanyar Dawanau a cike take a wannan lokaci. Jakuna da raƙuma ɗauke da buhunan gyaɗa sai kwarara suke cikin gari, mu kaɗai muke fita, har wani ya tambaye mu ko mantuwa muka yi. An gama yankan gero, dawa tana tsaye ta sunkuyar da kai. Abinci kuwa araha, furar anini da nonon Fulanin da suka zauna gefen hanya sai ta ƙosar da ƙato, a kuma yi masa gyara. Bature bai sha ba. Yana da wani nama na gwangwani da yake buɗewa da azahar, wanda jakunan ma kan kau da kai in ya buɗe.

Bari in gaya muku yadda ake awon. Akwai wata doguwar sanda ta ƙarfe da ake harhaɗawa gaɓa-gaɓa, a ɗaure ta da igiyoyi ta tsaya. A samanta akwai 'yan ƙoƙuna huɗu da ke zagayawa in iska ta buga su, a gindinta kuma wani ɗan akwati mai allura yana nuna yawan zagayen. Ni nake tsayawa da agogo a hannu, in duba allura, in rubuta, safe da rana da yamma. Ranar farko a bayan Dawanau na tsaya ƙiƙam, na ɗaure fuska yadda masu kallo za su san aiki ne babba. Ƙoƙunan suka yi zagaye biyu suka tsaya. Wani tsoho cikin masu kallon ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce, "Malam, don girman Allah gaya mini gaskiya, yanzu iskar ma haraji za a sa mata?" Na ce masa a'a. Ya tafi bai yarda ba.

Da la'asar Bature yakan buɗe wani littafi mai hotuna ya nuna mini injunan. Iri uku ne. Akwai mai fukafukai da yawa, kamar faifai, wanda ko ɗan hucin iska ya samu sai ya juya, amma a hankali yake tafiya. Wannan na jan ruwa ne daga rijiya, ba ya ba da wuta. Akwai babba mai fukafukai biyu, wanda shi Baturen yake ƙauna, yana ba da wuta mai yawa amma ba ya ko motsi sai iska ta yi ƙarfi. Sai ƙarami mai uku, da jela a bayansa da ke juya shi ya fuskanci iska, shi yana haƙuri da kaɗan. Ya ce kuskuren da mutane ke yi shi ne su sayo inji sannan su fita nema masa iska. Iskar ake fara sani, ƙarfinta da lokacinta da inda take fitowa, sannan a zaɓi wanda zai iya zama da ita. Na haddace maganar nan, har na je na maimaita wa mai jakuna kamar ni na ƙago ta. Ya ce, "Ai haka ake zaɓen jaki ma, Malam. Hanyar ake fara dubawa."

Daga nan muka wuce Bichi, muka yi kwana biyu a wajenta. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai yawan ɗorawa da gawo da kuka, ga inuwa mai daɗi, amma Bature ya ce itatuwan nan su ke karya iskar kafin ta iso mana. Mutanen wurin sun karɓe mu hannu biyu-biyu. Mai unguwar da ya sauke mu ya aiko da tuwo da miyar kuka da zakara guda, sannan ya zo da kansa ya zauna yana kallon ƙoƙunan da suka ƙi motsi, yana ba mu haƙuri kamar laifinsa ne. A rana ta uku na cire takalman nan na rataya wa jaki, na koma tafiya yadda na tashi ina yi, ƙafa a ƙasa.

Da muka ga fili ya ƙi, sai muka nausa wajen duwatsun ƙasar Kazaure. Hawa da sandar ƙarfen nan kan dutse ba ƙaramin aiki ba ne, ni da mai jakuna muka yi ta miƙa wa juna gaɓa-gaɓa, Bature yana sama yana cewa mu yi hankali. Can muka sami iska, amma mai gardama. Ta zo da ƙarfi ta gabas, ta ɗauke ɗif, ta dawo ta yamma. Ƙoƙunan su yi ta gudu kamar za su tsinke, sai kuma su tsaya cak. Ni har na fara murna, Bature ya girgiza kai ya ce irin wannan ita ke karya fukafukai, gara ƙarama mai ɗorewa sau goma. Ga nisa kuma, wa zai riƙa ɗauko batir daga nan ya kai Kano? Abin da muka samu a dutsen nan ɗaya ne: iska ta ɗauke sabuwar hulata ta jefa ta cikin wani rami da ko mai jakuna ya ce ba zai sa hannu ba.

Ranar da muka cika kwana takwas, muna kan hanyar komowa, Bature ya daina buɗe littafinsa. Ya ce mini in muka isa Kano hannu wofi zai rubuta wa kamfani cewa ƙasar nan ba ta dace ba, ya koma Ikko. Ya ƙara da cewa bai san me zan yi bayan nan ba. Ni na sani. Zan koma unguwa in zauna a dakali, waɗanda suka yi mini dariya ranar da aka kai ni makarantar boko su sami abin dariya na biyu. A yinin nan muka wuce wani ƙauye, na ga mata sun ɗaga ƙorai sama suna zubo gero, ƙaiƙayi da tsaba suna faɗowa tare don ba abin da zai raba su. Sai masussukar Gwaggo ta faɗo mini a rai.

In faɗi gaskiya, ba a nan ta fara faɗo mini ba. Tun ranar farko na san inda iskar take. Na kuma san abin da zai biyo baya in Bature ya gan ta, don na sha ganin yadda ake kewaye wuri da waya a ce kada kowa ya shiga. Kwana takwas na riƙe bakina. A na tara, muna karya kumallo a Dawanau, na ce da shi na yi nazarin yadda ganuwa take, ina zaton akwai wani tudu kusa da ƙofa da ya kamata mu gwada.

Mai jakuna ba ya jin Turanci, amma ya ga inda na nuna da hannu. Yana ɗaura kaya ya ce, "Malam, wurin tsohuwar nan mai dakuwa?"

Na ce, "Awo kawai za mu yi, Baba."

Ya ce, "To." Ya ƙarasa ɗaurinsa, ya kora jakuna muka nufi ƙofa.

Mun iso hantsi ya ɗaga. Tun daga nesa ake jin amon taɓare, ƙaiƙayi yana tashi gefe guda kamar hayaƙi. Matan suka tsaya da aiki da suka ga Bature, Gwaggo kuwa ta ajiye ƙwarya ta taho da murna, tana tambayar ina hulata. Muka kafa sanda a tsakiyar daɓen. Ƙoƙunan suka fara zagayawa, ba gudu ba tsayawa, suka yi ta yi. Bature ya dubi allura, ya dubi agogo, ya sake duban allura. Kwana tara ban ga haƙoransa ba sai ran nan.

Gwaggo ta ga yana murna, sai ta ɗebi ƙaiƙayi ta watsa sama don ya ga inda take bi.

Ta ce, "Gaya masa wannan ba ta da ƙarfi, amma ba ta saɓa lokaci. Da hantsi take zuwa, kafin azahar ta kwanta, wani bi ta ɗan leƙo da la'asar. Yanzu ta giɓin nan take shigowa, in damina ta faɗi sai ta juyo ta baya. Amma ka ja masa kunne, da bazara akwai wata mahaukaciya da ke zuwa gaban hadari daga gabas. Ita kam ko turmi ka bari a tsaye sai ta kayar."

Bature ya tambaye ni me tsohuwar take cewa. Na ce masa gaisuwa take yi.

Kun ji ƙaryata ta farko. Da muka koma gindin ganuwa muka zauna a inuwa, na kwashe duk abin da ta faɗa na zayyana masa, da hantsin da azahar da juyin damina da iskar bazara, kamar ni na yi shekara da shekaru ina lura. Ya ce mu tabbatar. Muka kafa tanti bakin ƙofa muka yi safiya uku muna awo, ko sau ɗaya maganar Gwaggo ba ta faɗi ƙasa ba. Kullum da rana matan nan su aiko mana da tuwon sabon gero, wai baƙin ɗansu. Na ci, mai jakuna ya ci, ban iya haɗa ido da shi ba.

A safiya ta uku Bature ya buɗe littafinsa, ya dubi babban injin nan da yake ƙauna, ya yi ajiyar zuciya ya juya shafi. Ya ce ƙaramin za a kawo, mai fukafukai uku, tun da iskar ba mai ƙarfi ba ce, kuma a zaɓi irin wanda jelarsa ke naɗewa ta kau da shi gefe in guguwa ta taso, saboda abin da na gaya masa na bazara. Ya dafa kafaɗata ya ce zai sa sunana a takardar da zai aika. Wallahi na ji daɗi. Wannan ma dole in faɗa muku, a lokacin nan daɗi na ji.

Sai ya fito da turaku huɗu masu jan fenti, ya taka daɓen ya kafa su kusurwa-kusurwa. Ya ce nan za a zagaye da waya. Ya ce kuma in sanar da matan cewa in inji ya zo ba sauran shiƙa a kusa, don ƙaiƙayi zai shige masa ciki ya lalata shi. Gwaggo tana tsaye tana kallon turakun.

Ta ce, "Me ya ce, ɗan nan?"

Na ce, "Ya ce wurin ya yi kyau, Gwaggo."

Akwai kuma takardar neman izinin fili da ya miƙo mini in cike. An tambaya ko akwai gona a wurin, na rubuta babu. Ko akwai gini, na rubuta babu. Ba wanda ya tambaya ko akwai masussuka, ni kuma ban ƙara ba. Da na buɗe baki na ce masa wannan tsohuwar ita ta goye ni, nan take cin abinci, maganar da ya yaba ma tata ce, wataƙila da ya matsa da turakunsa, wataƙila kuma da bai matsa ba. Ban sani ba, tun da ban gwada ba.

Bature ya bi ta Ƙofar Kabuga ya nufi masaukinsa, ni da mai jakuna muka ratso gari. Bayan kwana goma sha biyu a waje, hayaniyar kasuwa da ƙamshin ƙosai da sallamar 'yan unguwa ya kamata su faranta mini rai, amma ji na yi kamar kowa ya sani. A ƙofar gidanmu mai jakuna ya sauke mini kaya, ya kwance takalmana daga wuyan jaki ya miƙo mini. Ya ce, "Malam, ka koma ka gaya mata da bakinka. Kada ta ji a bakin masu jan waya." Ya kora jakunansa ya tafi.

Sai da na kwana biyu sannan na iya. Na same ta a tsakar gidanta da la'asar tana tsince wake. Na durƙusa na gaishe ta, na fara kame-kame, ina zancen hanya da duwatsu. Ta bar ni na gaji don kaina.

Ta ce, "Zancen turakun nan ne ya kawo ka? Ai na sani. Ka ɗauka ban taɓa ganin jan turke ba? Ina nan aka kafa su a gonar mutane lokacin aikin hanyar jirgin ƙasa."

Na ce, "To, Gwaggo, me ya sa kika gaya masa kome da kome?"

Ta ce, "Tun da kuka ɓullo ta ƙofa na ga fuskarka, na san ba ku samo ba. Na ce in yaron nan ya koma hannu wofi korarsa za su yi." Ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce, "Ya dai yaba maka ko?"

Na ce, "Ya yaba."

Ta ce, "To, alhamdu lillahi."

Da zagina ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta ce matan nan sun daina yi mata magana tun shekaranjiya, wai ita ta jawo musu, amma za su huce. Ba ta tambaye ni ko na gaya wa Bature maganar tata ce ba, ni ma ban faɗa ba. Da na tashi tafiya ta rako ni har zaure, ta ce, "Abu guda nake roƙonka. Tun da kai ne mai abin awo yanzu, ka nemo mana wani wurin kafin a yanke dawa. Ba sai babba ba, inda dai take ɗan zuwa."

Na ce mata to.

In kuna son sanin abin da tafiyar nan ta koya mini, na koyi yadda ake auna iska da yadda ake zaɓa mata inji, na kuma koyi cewa abin da muka sha wuya muna nema da sandar ƙarfe, wata tsohuwa ta san shi da tafin hannunta tun kafin a haife ni. Amma babban abin da na koya a kaina ne. Tafinta yana tsaye tsakanin mutum biyu da ba sa jin juna, kowa ya dogara da bakinsa, ni kuwa na cuci duka biyun, na fi cutar wadda ta fi yarda da ni. Har yau da nake rubutun nan ban je wurin Bature na gyara maganata ba. Kullum ina cewa gobe.

Na amsa wa Gwaggo da to, alhali ni ne na yi kwana tara da abin awon nan daga Dawanau har duwatsun Kazaure ban sami wuri ko ɗaya ba. Dawa kuwa ta nuna, an ce mako mai zuwa za a fara yanka.